Yadda ake koyar da baƙon harshe da waƙa ba tare da aji ya zama dandali ba

Wata Laraba, ana cikin hutun tara, gardama ta kaure a ɗakin malamai na makarantar da nake koyar da Turanci a nan cikin birnin Katsina. Ni na jawo ta. Tun da safe aka jiyo 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare suna tafi suna rera jimloli a darasina, har malamin lissafi na ajin kusa da mu ya leƙo ta taga. Wani dattijon malami, wanda ya fara koyarwa tun ina firamare, ya ajiye jan bironsa ya ce, "Malam, wannan fa gaɗa ce, ba karatu ba. Ranar jarrabawa waƙa za su rera wa mai duba takarda?" Malamar Faransanci ta ce, "Haba Baba, ni da ba don waƙa ba, da har yau yarana ba su iya ƙirga ɗaya zuwa ashirin ba." Malamin Larabci yana gefe yana shan kununsa. Sai da kowa ya gama ya ce, "Allah gafarta Malam, mu ai nahawun ma a waƙe muka karanta shi, kuma ba wanda ya ce gaɗa muke yi."

Duk inda malaman harshe suka taru, waɗannan muryoyi uku za ka ji. Akwai ma ta huɗu, ita ce ta fi yawa: malamin da ya yarda waƙa tana da amfani, amma shekara za ta zagayo bai yi ta a aji ko sau ɗaya ba. Ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan masu koyar da harshen ƙasar Finlan ga baƙi ya tarar da haka, malamai suna yabon waƙa da baki, amma ba kasafai suke sa ɗalibai su rera ba.

Ni dai, bayan na gwada na sha ƙasa ba sau ɗaya ba, ga inda na tsaya. Waƙa tana gyara kunne, tana saita harshe, tana kafa kalma a ka ta ƙi fita. Amma ba ta ba yaro ma'ana, ba ta kuma koya masa ƙera jimlar kansa. Shi ya sa aikin ya kasu biyu: shigar da waƙar, da zare ta. Yawancinmu rabin farko muka iya.

Ba sai an je nesa neman hujja ba. Tare ɗan firamare ka ce ya kawo maka jihohi 36 da manyan biranensu, zai zubo su kamar ruwan kwata. Ka katse shi ka ce, "Mene ne babban birnin Taraba?" Sai ka ga leɓensa na motsi, ya koma Abiya ya faro daga can. Matasa nawa ne a Ƙofar Ƙaura da Rafin Daɗi ke rera waƙar Indiya daga farko har ƙarshe, lafazi tas, alhali ko ruwa ba za su iya roƙo da harshen ba? Da aka sauya taken ƙasa a watan Mayun 2024, ba a daɗe ba yara suka kama shi a filin taron safe. Ka tambaye su ma'anar layi ɗaya ka sha kallo.

Abin da masu bincike suka gani

A jami'ar Edinbura da ke Sikotilan, Karen Ludke da abokan aikinta biyu sun tara manya 60 waɗanda ba su san harshen ƙasar Hangari ba, suka koya musu jimloli 20. Kashi ɗaya suka maimaita da magana, kashi na biyu da magana mai kari, na uku suka rera. Masu rerawa ne suka fi iya furta jimlolin da bakinsu daga baya. An wallafa wannan a 2014. Kafin nan, a 2006, Slevc da Miyake sun gwada Japanawa 50 mazauna Amurka, suka tarar mai kunnen kiɗa ya fi iya bambance sautukan Turanci da furta su, amma wannan baiwa ba ta ƙara masa komai a nahawu ko yawan kalmomi ba. In ka lura, abin da dattijon ɗakin malamanmu da malamar Faransanci suka faɗa ke nan, kowa ya kama gefe guda na gaskiyar.

Akwai wata hanya daban ta wani likita ɗan Bulgeriya, Georgi Lozanov, wadda ta yi tashe a shekarun 1970, inda ake sa kiɗan Turawa na dauri a hankali malami yana karanta darasi. Wannan ba da ita nake ba. Ajin da ke da yara saba'in da rufin kwano a watan Afrilu bai buƙatar abin da zai ƙara sa su barci.

Fara da darasin, ba da waƙar ba

Kuskuren farko shi ne malami ya ji wata waƙa ta burge shi, sai ya shiga neman inda zai cusa ta a manhaja. Juya abin. Buɗe jadawalin zangon, ka ɗauki abu guda tak da yara ke tuntuɓe a kai. A wajena sau da yawa aikatau ne na abin da ya wuce waɗanda ba sa bin doka: "go" ya koma "went", "buy" ya koma "bought", "see" ya koma "saw". Malamin Faransanci zai iya ɗaukar ranakun mako ko lambobi. Malamin Larabci zai iya ɗaukar lamirai ko haruffan jarra. Abu guda. In ka haɗa uku a waƙa ɗaya, yara za su haddace ta, su kasa gane wanne aka zo koya musu.

Ba kowane darasi ne waƙa ke ɗauka ba. Abin da ake so ya zauna a baki ba tare da tunani ba, shi ne nata: gaisuwa, jerin kalmomi, tambaya da amsa, sauti mai wuyar furtawa. Rubutun wasiƙa ko fahimtar labari, bar su da hanyarsu.

Daidaita da shugaba da iyaye tun da wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. A garinmu akwai iyayen da in yaro ya koma gida ya ce yau an sa musu kiɗa a aji, gobe uban yana ofishin shugaban makaranta. Hausa ta sauƙaƙa mana wannan, domin ta raba waƙa da kiɗa. Abin da kake buƙata murya ce da tafi, ba ganga ba garaya. Ka je wajen shugaba kafin ka fara, ka nuna masa baitocin a rubuce, ka gaya masa minti nawa za su ci. Ka kuma gaya wa malamin ajin da ke jikin naka, don ku zaɓi lokacin da ba gwaji yake yi ba.

Wani abu da ban hango ba sai da na shiga: manyan yara maza suna ganin tafi aikin 'yan mata ne. Suna naɗe hannu suna murmushin raini. Na daina takura musu. Na ce su riƙa buga biro a tafin hannu, ko su taka ƙafa ɗaya. Amma kada ka yarda a buga benci. Minti biyu ya isa ajin ya koma gidan biki, kuma ba za ka ƙara jin kalma ko ɗaya ba.

Ƙera taka waƙar, kuma ka saurari harshen kafin ka ɗora masa kari

Nan ne aikin yake, nan kuma na fi yin ɓarna a farko.

Kowane harshe da irin tafiyarsa. Hausa tana tafiya da karin sauti da tsawon wasali. Da su muke raba garin da ake zama da garin da ake tuwo, mu raba kukan yaro da kukar miya, ko da yake a boko rubutunsu ɗaya. Shi ya sa makaɗin kalangu ke iya kiran sunan mutum da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba. Larabci ya yi tarayya da mu a rabin wannan: yana da dogon wasali da gajere, yana da shadda kamar yadda muke ninka baƙi a "hannu" da "sannu". Saboda haka ma'aunin waƙar Larabci ya zauna wa kunnen Bahaushe daram, har malamanmu suka aro shi suka auna rubutacciyar waƙar Hausa da shi. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙa ta karantar da mata cikin Fulatanci da Hausa da Larabci. Alfiyyar Ibnu Malik, wanda ya rasu a 1274, baiti dubu ne da 'yan kai, duk nahawu da sarfu, kuma har gobe ana haddace ta a zaure. Yaran Islamiyya suna koyon tajwidi da Tuhfatul Aɗfal, baiti 61. Malamin Larabci ya gaji hanya shararriya. Abin da zan ce masa kawai, ya tuna cewa a zaure ba a barin almajiri da hadda kaɗai, sai an bi baiti ɗaya ɗaya an fassara, an yi sharhi, an kawo misali.

Turanci kuwa wata dabba ce. Ba ya ba kowace gaɓa haƙƙinta. Yana danna wasu, ya haɗiye sauran. "I went to the market" gaɓa shida ce, amma wuri biyu kawai ake dannawa, a "went" da farkon "market". Sauran huɗun a guje ake wuce su. Yaronmu ya saba ba kowace gaɓa nata lokacin, shi ya sa Turancinsa ke fita dalla-dalla kamar mai ƙirgar kuɗi, kuma in Bature ya yi magana a rediyo sai ya ce ba ya jin komai.

Ga ɓarnar da na yi. Na ɗauki karin wata waƙar gaɗa da 'yan matan ajin suka sani, na cusa mata kalmomin Turanci. Ta yi daɗi ƙwarai, har a hanyar gida suna rera ta. Sai dai karin yana ɗaga murya a ƙarshen kowane layi, kalmomin da na sa a wurin kuma "hospital" ne da "banana". Zango guda cur yaran nan suna danna gaɓar ƙarshe ta waɗannan kalmomi, na rasa yadda zan kankare. Abin da waƙa ta kafa, daidai ne ko kuskure, da wuya ya tumɓuke.

To ga yadda nake yi yanzu. Na rubuta jimlolin da nake so a takarda. Na karanta su da murya irin ta hira, ba ta karatu ba, ina buga yatsa a tebur duk inda na ji muryata ta danna. Na ja layi a ƙarƙashin waɗannan gaɓoɓi. In ina kokwanto kan wata kalma, na duba ƙamus, domin yana sa 'yar alama a gaban gaɓar da ake dannawa. Daga nan na gyara jimlolin har kowane layi ya zama bugu biyu ko huɗu. Misali:

Where did you go?
I went to the market.
What did you buy?
I bought some rice.
Who did you see?
I saw my uncle.
What did you eat?
I ate some beans.

Kowane layi tafi biyu. A na farko tafin yana faɗawa kan "where" da "go", a na huɗu kan "bought" da "rice". Layi na biyu ya fi na huɗu yawan gaɓa, amma lokacinsu ɗaya, dole yaro ya matse "to the" don ya cim ma tafin. Wannan matsewar ita ce Turancin. Ba sai ka ɗora wani kari mai hawa da sauka ba, magana ce a kan bugu. Wata malama a birnin Niyok, Carolyn Graham, ita ta yi suna da irin wannan salo tun 1978, amma tsarin jagora da 'yan amshi ba wanda zai koya wa mutumin jihar da ta haifi Mamman Shata.

Bugun yana maganin wata cuta kuma. Hausa ba ta son baƙi biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa muka mayar da abin Bature burodi da sukudireba. Yaro zai ce "sukul" maimakon "school". In ka ba kalmar tafi biyu, ka ba shi wurin ajiye wasalin da ya ƙara. Ba ta tafi ɗaya tak, da sauri, wasalin zai rasa masauki.

Malamin Faransanci ya fi mu sauƙi ta wani gefen, domin Faransanci yana jera gaɓoɓi kusan daidai, sai a ƙarshen yankin magana ya ɗan ja. Karin Hausa bai cika ɓata shi ba. Tarkonsa daban ne: a waƙar Faransa ana furta wasalin ƙarshe wanda a magana ake haɗiyewa. "La table" gaɓa biyu ce a baki, a waƙa sai ta zama uku. In ba a faɗa wa yara ba, ranar da suka tsallaka Maraɗi ko Damagaram za a ji suna magana kamar masu rera waƙa.

Kada waƙar da ka ƙera ta wuce layi takwas. Ka sa abubuwan da yaro ya sani: kasuwa, kawu, wake, keke, rijiya. Ba ruwansa da dusar ƙanƙara.

Ma'ana kafin murya

Kada a rera layin da ba a gane ba. Wannan doka ce a ajina. Nakan shigo da ɗan ƙullin shinkafa a leda, in zana rumfar kasuwa a allo, in taka daga bakin ƙofa zuwa zanen, in nuna baya da babban yatsa alamar jiya. In abin ya ƙi, na faɗa da Hausa sau ɗaya na wuce. Ba laifi ba ne. Minti uku ya isa.

Cikin ajin

Darasi minti arba'in ne, waƙa ba ta cin fiye da goma sha biyu. Ga yadda nake raba su.

Da farko ni kaɗai nake yi, sau biyu, su suna saurare, allo babu rubutu. Dalili kuwa, rubutun Turanci maƙaryaci ne. Yaron da ya fara ganin "bought" a rubuce zai nemi ya furta kowane harafi, kamar yadda aka koya masa a karatun Hausa. Bari kunne ya riga ido.

Sai su kama tafin kawai, ba magana, ni ina faɗin layukan. Sai mu shiga layi-layi, na faɗa su maimaita. In layi ya yi tsawo, daga ƙarshe nake farowa: "market", sai "to the market", sai a haɗa duka. Ta haka ƙarshen jimla, inda muryar yara ke mutuwa, shi ne ya fi shan maimaici.

Daga nan na zama jagora, ina tambaya, aji duka suna amshi. Sai na raba su, layin taga su yi tambaya, layin ƙofa su amsa, a juya. A nan nake barin gaban allo in shiga tsakanin bencina ina kasa kunne, domin a cikin murya saba'in akwai goma sha biyar da baki kawai suke motsawa. Na ƙarshe, bibbiyu, kowa da na kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa. Sai yanzu nake rubuta baitocin a allo, in ja layi ƙarƙashin wuraren tafi, su kwafa.

In akwai sautin da ya gagara, tsayar da waƙar ka yi masa aiki shi kaɗai. Namu na kullum shi ne "p" da "f". Harafin "f" na Hausa da leɓɓa biyu ake yin sa, na Turanci kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ka sa kowa ya yage 'yar takarda ya riƙe a gaban baki. In ya ce "pan" daidai, takardar za ta yi tsalle. In ya ce "fan", lanƙwasa kawai za ta yi a hankali. Rerawa sau ɗari ba za ta gyara wannan ba in ba a nuna wa yaro inda zai sa leɓensa ba.

Zare waƙar

Wannan matakin ne ake tsallakewa, kuma shi ne amsar tambayar dattijon nan.

Washegarin ranar da na fara koyar da baitocin sama, na tsayar da wata yarinya mai ƙoƙari na ce mata, cikin muryar hira, "What did you eat?" Ta yi shiru. Na ga yatsunta suna bugun gefen hijabinta, leɓenta na motsi. Ta faro daga layin farko a zuci, ta bi ta kasuwa, ta sayi shinkafa, ta gaida kawu, sannan ta iso wajen wake ta amsa mini. Amsar daidai ce, amma tafiyar jihohi 36 ce ta yi. Na tambayi wani yaro me ya gani a hanya, ya ce mini ya sayi shinkafa, yana murna.

Zarewa hawa-hawa ake yi. Fara da cire tafin, a faɗi layukan kamar hira. Sai ka hargitsa jerin, ka fara da tambaya ta uku, ka koma ta farko. Sai ka sauya kalma ɗaya a kowace amsa: wanda ya je kasuwa yanzu ya je masallaci, ko gona, ko Daura wajen kakarsa. Ka bar su su kawo nasu, ko da wani zai ce ya sayi jirgin sama, dariyar ma tana taimako. Bayan haka ka sauya mai aikin: ba kai ba, babarka ina ta je? A nan za ka ga wanda ya gane da wanda ya haddace, domin dole "I" ta koma "she". Sai ka kawo aikatau da ba ya cikin waƙar sam, ka ga ko za su zuba shi a wannan ma'aunin. Na ƙarshe, tambaya ta gaskiya wadda kai ma ba ka san amsarta ba: jiya Juma'a bayan an sauko, ina ka je? Ranar da yaro ya ba ka amsar da ba ta cikin baiti, ko da da ɗan kuskure, ranar darasin ya shiga.

Wannan yakan ci darasi biyu ko uku, ya fi koyar da waƙar kanta cin lokaci. Ka ƙare shi da rubutu: kowa ya rubuta jimla biyar kan abin da ya yi ranar Asabar. Mai duba takardar jarrabawa wannan zai gani.

Kada ka jefar da waƙar bayan nan. Dawo da ita gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako, da bayan wata, minti biyu a farkon darasi. Nakan ajiye littafi guda da nake tara su, zuwa ƙarshen shekara akan sami goma zuwa sha biyu. Fiye da haka sai su fara cakuɗewa.

In za ka sa waƙar da aka ɗauka a faifai

Ga 'yan babbar sakandare da ɗaliban kwaleji wannan yana aiki, in makarantar ta yarda. Saukar da ita a waya tun a gida, ka yi cajin 'yar sifikarka, kada ka dogara da wuta ko intanet na makaranta. Karanta kalmomin duka da idonka kafin ka kawo, har da baitin da ba ka yi niyyar sawa ba, domin yara za su nemo sauran. Yawancin waƙoƙin Kudu da suke ji a waya Turancin buroka ne. Harshe ne mai zaman kansa, amma ba shi ake tambaya a jarrabawa ba. Na Amurka ma cike suke da nahawun titi. Zaɓi mai tafiya a hankali, wadda murya ta fi kiɗa ƙarfi.

Baiti ɗaya da amshi sun isa. Rubuta su a allo ka bar gurabe takwas ko goma, kuma guraben su zama irin kalmar da kake koyarwa, ba wadda ta faɗo maka ba. A saurara sau uku: na farko biro a ajiye, na biyu a cike, na uku a duba. Sannan a zare ta kamar yadda aka zare waccan.

Manya, masu kunya, da malamin da ba shi da murya

Magidanci mai koyon Faransanci don fatauci ta Jibiya ko Kwangwalam ba zai yi tafi a gaban ƙannensa ba, kada ma ka nema. Amma ka ce a maimaita da kari, irin yadda aka yi haddar littattafai a Islamiyya, zai yi ba musu, yana kaɗa carbi ko yatsa. Sunan da ka ba abin ne ke korar mutum ko ya jawo shi. A nan sai a yi hattara: karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, kada malami ya kwatanta su ko ya aro muryar tilawa ya ɗora wa darasin boko.

Yaro mai in'ina kada ka cire shi. Sau da yawa harshensa yakan saki in yana rerawa tare da jama'a. Likitoci ma sun san da wannan alaƙa: tun 1973 wasu a birnin Boston suka fito da hanyar amfani da rerawa wajen maido da magana ga waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa baki. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka tsayar da shi shi kaɗai a gaban aji.

Malamai da yawa sun ce mini, "Ni fa Malam ba ni da murya." Ni ma ba ni da ita. Bugu kake buƙata, kuma duk wanda ya taɓa jin luguden mata a turmi yana da shi. In abin ya faskara, a kowane aji akwai yarinya ko yaron da ke jan waƙa a filin taro. Koya masa a gefe lokacin tara, ya ja, kai ka tsaya kan gyaran lafazi.

In kana da aji biyu masu mataki ɗaya, gwada da kanka. Koyar da darasin da waƙa a ɗaya, a ɗayan ka bi yadda ka saba. Bayan mako biyu ka yi musu gwaji iri ɗaya ba tare da sanarwa ba, rabi na baki, rabi na rubutu, ka ajiye makin kowane rabi daban. Da na yi nawa a karon farko, ajin waƙa sun yi wa ɗayan nisa a na baki, a rubutu kuwa kusan kunnen doki suka yi, domin a lokacin ban san ana zarewa ba. Takardun na kai wa dattijon, ya sa tabarau ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce in sake gwadawa zango mai zuwa in kawo masa na rubutun kawai.